Idan Shugaban Ƙungiya Ne Ake Ƙara: Fashin Baƙi Kan Cin Zarafi a Cikin Ƙungiyoyin Ƙwadago

Tsarin ƙungiyar ƙwadago, tun daga wakilin ma'aikata a ƙaramin sashe har zuwa shugaban jiha, an gina shi ne bisa zaton cewa mai zalunci yana waje, wato gwamnati ko mai kamfani, kuma maganinsa shi ne ma'aikata su haɗa kai su yi magana da murya ɗaya. Wannan tsari ya yi wa ma'aikata rana, kuma Kano tana da nata tarihin a ciki, domin gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutu a ƙasa baki ɗaya. Abin da ba a yi wa tanadi ba shi ne ranar da mai zaluncin zai kasance ɗan ƙungiya, ko kuma shi kansa ciyaman. Idan hakan ta faru, haɗin kan da aka ƙulla domin kare mai rauni shi ne mai ƙarfi yake fakewa da shi, kuma wanda aka cuta yakan rasa inda zai kai kukansa, tun da duk hanyar da ya bi a cikin ƙungiyar, ofis guda take kai shi.

Da yawa daga cikin shugabannin rassa suna ɗaukar cewa sai an kai hannu jikin mutum ne za a ce an ci zarafinsa. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka zartar a watan Yunin 2019 kuma Najeriya ta tabbatar da amincewarta da ita a watan Nuwamban 2022, ta wuce nan nesa ba kusa ba. A ma'anarta, cin zarafi ya haɗa da duk wani hali ko barazana, ko sau ɗaya aka yi ko an maimaita, da zai iya cutar da mutum a jikinsa, ko a kwanciyar hankalinsa, ko ta fuskar neman lalata da shi, ko kuma a hanyar cin abincinsa. Kariyarta ta shafi ɗan koyo da ɗan sa-kai da mai neman aiki da wanda aka riga aka sallama, kuma ba ta tsaya a cikin ofis ba: ta bi ma'aikaci zuwa tafiye-tafiyen aiki, da tarukan bita, da masauki, da hanyarsa ta zuwa aiki da komawa gida, har da saƙonnin da ake turo masa a waya. Wannan ya fi shafar ƙungiyoyi a kan kowa, domin galibin harkokinsu a irin waɗannan wurare suke gudana, bayan an tashi daga aiki, nesa da idon hukumar ma'aikata.

Binciken da ILO ta fitar a watan Disamban 2022 tare da kamfanin Gallup da gidauniyar Lloyd's Register ya nuna cewa fiye da mutum 1 cikin 5 na masu aiki a duniya, kimanin mutum miliyan 743, sun taɓa fuskantar wani nau'in cin zarafi a wurin aiki, kuma mafi yawansa na zagi ne da tsoratarwa da musgunawa. Wani binciken da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon Birtaniya ta yi a 2016 ya fi kusa da batunmu. Kashi 52 cikin 100 na matan da aka tambaya sun ce an taɓa tsangwamar su da maganar banza ko neman lalata a wurin aiki, kusan 4 cikin 5 daga cikinsu ba su sanar da hukumar wurin ba, waɗanda suka faɗa wa wakilin ƙungiya kuwa kashi 1 ne kacal. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ƙungiyoyinta ke da lauyoyi da rubutattun ƙa'idoji, bai kamata wani sakataren reshe a Kano ya ɗauki rashin ƙorafi a teburinsa a matsayin shaidar cewa gidansa lafiya lau yake ba.

Domin a gane dalilin shirun, sai an duba inda ƙarfin shugaban reshe yake. Shi ne yake tsara sunayen waɗanda za su je taron bita a Abuja ko Kaduna, tare da alawus ɗin da ke biye da tafiyar. A rassan da ke da irin wannan shiri, ta hannunsa ake bi a samu bashin babur ko fili ko buhun shinkafa gab da azumi, a riƙa cira daga albashi sannu a hankali. Idan an ba ma'aikaci takardar tuhuma, shi ne zai raka shi gaban hukuma, kuma idan malamar makaranta tana neman a dawo da ita daga Doguwa ko Sumaila zuwa kusa da gidanta a cikin birni, kalmarsa guda a ma'aikata tana iya yin abin da takardar roƙo ta shekara guda ba ta yi ba. Duk waɗannan ayyukan alheri ne, kuma shugabanni da yawa suna yin su tsakani da Allah. Sai dai kusan babu ɗayansu da ke da rubutacciyar ƙa'ida, kuma duk abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa ko ya hana ba tare da an tambaye shi dalili ba, yana iya mayar da shi abin ciniki.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciya da aka sa sunanta a tafiyar taron kwana uku. Tun kafin a tashi shugaban reshe ya kira ta ya ce, "Kwamared, ni na sa sunanki, kin san dai ba kowa nake yi wa haka ba." A masauki, bayan sallar isha'i, sai ga saƙo cewa ta zo ɗakinsa ta karɓi alawus ɗinta, alhali sauran wakilai a zauren taro aka ba su nasu. Ta amsa da ladabi cewa za ta karɓa da safe. Bai sake ce mata komai ba. Da aka dawo Kano, sunanta bai ƙara fitowa a wata tafiya ba, takardar ƙarin girmanta da ya yi alkawarin bibiya ta kwanta, kuma a zauren WhatsApp na reshen aka fara jefa habaici kan matan da ba su san girman na gaba ba. Babu wanda ya taɓa jikinta, kuma babu kalma guda a saƙon da za ta nuna wa alƙali ta ce ga batsa. Amma ta yi asarar kuɗi da matsayi saboda ta ƙi, kuma duk matan reshen sun fahimci darasin ba tare da kowa ya furta shi ba.

Idan ta daure ta rubuta ƙorafi, a rassa da yawa takardar sakatare za ta kai wa, sakatare ya miƙa wa ciyaman, ciyaman ya kafa kwamiti, kuma 'yan kwamitin su ne mutanen da suka yi takara a layinsa. Kafin ma a kai nan, dattawan reshe za su same ta da maganganun da kowa ya sani: ta yi haƙuri, ta rufa asiri, maganar cikin gida ce, kada gwamnati ta ji ta samu abin kama ƙungiya da shi ana tsaka da tattaunawar albashi. Ga kuma lissafin gida, wanda a Kano ya fi duk waɗannan nauyi. Matar aure tana tsoron mijinta ya ji ya ce ta ajiye aikin gaba ɗaya, budurwa ko bazawara kuwa tana tsoron a ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, a wayi gari ita ake bincika: me ya kai ta tafiyar, wane irin mayafi take yafawa, me ya sa yake da lambarta. Sulhu alheri ne, babu mai musun wannan, amma sulhun da ake ƙullawa ba tare da wanda ya yi laifi ya amsa laifinsa ba, wanda kuma yake ƙarewa da ita ce ke ba da haƙuri a gaban manya, danne magana ne kawai. Shi ya sa mutum guda yakan maimaita abu ɗaya da mata daban-daban tsawon shekaru, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Akwai wani ruɗani da ya keɓanta da irin muhallinmu, kuma ana amfani da shi wajen rufe bakin mutane. Da zarar mace ta yi ƙorafi, sai wani ya tambaye ta ina shaidunta huɗu, ko ya tsoratar da ita cewa za a kai ta kotu kan ƙazafi, wanda Alƙur'ani ya yanka wa bulala 80 a cikin Suratun Nur. Wannan cakuɗa abubuwa biyu ne da ba su haɗu ba. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tuhumar zina. Macen da ta ce shugabanta ya matsa mata da saƙonni cikin dare, ko ya hana ta haƙƙinta saboda ta ƙi biye masa, ba ta tuhume shi da zina ba, kukan zalunci ta kai, kuma kwamitin ladabtarwa na ƙungiya ba haddi zai tsayar ba. Aikinsa ya duba ko an saɓa ƙa'idar ɗa'a, ta hanyar auna saƙonni, da lokutan da abubuwa suka faru, da yadda mu'amala ta sauya bayan an ƙi, da ko wasu sun taɓa kawo irin wannan kuka. Zai yi kyau ƙungiyoyin Kano su nemi malaman da ake jin maganarsu su fayyace wa mambobi wannan bambanci a fili, domin muddin ba a yi ba, barazanar ƙazafi za ta ci gaba da tsayar da ƙorafi tun kafin a rubuta shi.

Maza ma suna ɗanɗana nasu, ko da yake ba su cika kiransa da sunansa ba. Mamban da ya tashi a babban taro ya tambayi yadda aka kashe kuɗin ƙungiya da ake cirewa daga albashinsa kowane wata, sau da yawa ihu ake yi masa har ya zauna, daga nan a laƙaba masa sunan yaron gwamnati ko a ce an saye shi, a cire shi daga zauren waya, wani lokaci a dakatar da shi bisa zargin yi wa ƙungiya zagon ƙasa. Abu ɗaya ne yake haifar da wannan da wancan, wato ɗaukar duk wata tambaya a matsayin cin amana. Rikicin ɓangaranci yana ƙara dagula lamarin. Zaɓen shugabannin NLC, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, na 2015 ya raba ƙungiyar gida biyu, har ɓangare guda ya kafa tasa haɗakar mai suna ULC a 2016, ba a ɗinke ɓarakar ba sai a 2020. A ƙananan rassa irin wannan tsaga ba ta ƙarewa, kuma inda take, kowane ƙorafi ana karanta shi ne da idon siyasa: wa ya turo ta, wane ɓangare zai amfana. Ba ƙarya ba ne cewa ana iya ƙirƙirar zargi domin a kayar da abokin takara. Amma wannan hujja ce ta a samar da bincike na gaskiya, wanda shi kaɗai ne zai iya wanke wanda aka yi wa sharri ta yadda mutane za su yarda.

Ƙungiyoyin Birtaniya sun bi ta wannan hanya ta bincike. A watan Satumban 2020, babbar lauya Karon Monaghan ta fitar da rahoton binciken da ƙungiyar GMB, mai mambobi sama da rabin miliyan, ta ɗauke ta ta yi, inda ta ce nuna wa mata bambanci ya zama jiki a tsarin ƙungiyar, kuma tsangwama da fifita 'yan gaban goshi sun yi katutu. Ta ɗora alhakin da yawa a kan ƙarfin da aka tara a hannun sakatarorin shiyya, waɗanda dukkansu maza ne. A watan Fabrairun 2023 wata babbar lauyar, Helena Kennedy, ta fitar da makamancin wannan rahoto kan ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta TSSA, abin da ya kai ga sauya shugabanni. A duka biyun mutumin waje ne ya yi binciken, kuma an buga sakamakon kowa ya karanta, sannan babu rahoton da ya tsaya a kan cewa wane mutumin banza ne. Tsarin da ya ba shi dama suka tuhuma.

Mafi wuyar sha'ani shi ne inda mai ƙara da wanda ake ƙara duk mambobi ne, kuma maganar ta je gaban hukumar ma'aikata. Ɗabi'ar ƙungiya ita ce ta tsaya wa wanda aikinsa ke cikin haɗari, wato wanda ake tuhuma, ta bar mai ƙara ita kaɗai, alhali kuɗi ɗaya ake cirewa daga albashinsu. An ga wani ɓangare na wannan tsaka-mai-wuya lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki ƙudurin dokar hana cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu, wanda Majalisar Dattawa ta zartar a watan Yulin 2020, tana mai cewa an ware malaman jami'a ne kaɗai kuma an taɓa 'yancin jami'o'i. Hujjar tana da wurin zama, amma abin da jama'a da yawa suka ji shi ne ƙungiya tana kare nata. Mafita a matakin reshe ba ta da tsada: a ba kowane ɓangare wakili daban, waɗanda ba za su yi musayar bayani ba, kuma a fahimtar da wakilin wanda ake tuhuma cewa aikinsa ya tabbatar an saurare shi bisa adalci, ban da bin mai ƙara gida da roƙo ko barazana.

Ta fuskar doka, Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda asalinta na shekarun 1970 ne, ba ta yi maganar cin zarafi kai tsaye ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, Abuja take yi wa aiki sai jiha ta karɓe ta, kuma Kano na cikin jihohin da aka daɗe ana kai-kawo kan karɓarta. Inda ma'aikaci yake da ƙarfi sosai shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumi, a sashe na 254C, kan ƙararrakin cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki da rigingimun ƙungiyoyin ƙwadago, ya kuma ba ta ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. A hukuncin da ta yanke a Disamban 2013 kan ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar da reshen kamfanin Microsoft na Najeriya, kotun ta ɗora wa kamfanin alhaki tare da manajan da ya aikata, ta kuma sa a biya diyyar miliyoyin naira. Ƙungiyoyi su lura cewa su ma masu ɗaukar aiki ne. Mai buga takardu a sakatariya, da direba, da mai shara, albashinsu daga hannun ciyaman yake fitowa, ba su da ƙungiyar da za su kai wa kuka, kuma su ne aka fi mantawa da su a duk wannan zance.

Gyaran da zai yi tasiri shi ne wanda ya raba hanyar ƙorafi da teburin shugaba. Ana buƙatar mutum biyu ko uku da babban taro ya zaɓa, cikinsu har da mace, waɗanda ba sa cikin shugabannin zartarwa, kuma mamba zai iya samun kowannensu kai tsaye, a rubuce ko da baki, da Hausa idan ita ta fi masa sauƙi. Idan zargin ya shafi shugaba, sai maganar ta haura zuwa matakin jiha ko na ƙasa, a nemo mai bincike daga waje, kamar tsohon alƙali ko lauya daga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kuma wanda ake zargi ya jingine muƙaminsa na wasu makonni ƙayyadaddu, a rubuta ƙarara cewa jinginewar ba hukunci ba ce. Dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, a saurare shi, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Ramuwar gayya kan mai ƙara ko shaida, ko da ta hanyar cire suna daga tafiya ce, a ɗauke ta laifi mai zaman kansa. Abin da ya kai fyaɗe ko duka kuwa ya fi ƙarfin kwamiti: na 'yan sanda ne da asibiti, kuma akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke kula da waɗanda aka yi wa irin wannan. Duk wannan sai ya shiga kundin tsarin mulkin ƙungiya ta hanyar babban taron wakilai, domin takardar manufa da shugaba ya sa wa hannu, wanda ya gaje shi yana iya jefa ta cikin durowa.

Sauran aikin na yau da kullum ne. NLC ta amince da manufar daidaito tsakanin maza da mata tun 2003, kuma tana da hukumar mata, amma daga Hassan Sunmonu a 1978 zuwa Joe Ajaero a 2023 duk shugabanninta maza ne, kuma a rassa da yawa, har a ƙungiyoyin da mata suka yi rinjaye, kwamitin mata an bar shi da ɗinkin anko da rabon abinci ranar 1 ga Mayu. Taron da ake sawa bayan magariba a wani otal ya riga ya tace waɗanda za su halarta, domin matar aure a Kano da wuya ta samu izinin zuwa. Mayar da taro cikin lokacin aiki, da liƙa ƙa'idar zaɓen masu tafiya da masu samun bashi a allon sanarwa, da tura alawus ta asusun banki maimakon a hannu, da karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi, duk suna rage abin da shugaba zai iya yin ciniki da shi. Tun daga gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 shiga ƙungiya ya zama ganin dama, saboda haka reshen da mambobinsa suka yanke ƙauna da shi yana iya rasa su.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan kariya su ne ma'aikatan wucin gadi a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda ɗan kwangila ke kawowa, ake biyansu a kullum ko a mako, kuma mai duba aiki zai iya ce wa mace kada ta dawo gobe ba tare da wata takarda ba. Hanya mafi kusa da za a kai gare su ita ce a shigar da sharaɗin hana cin zarafi cikin yarjejeniyar da ƙungiya ke ƙullawa da mai kamfani, a rubuta cewa ya shafi duk wanda ke aiki a harabar, ko wa ya ɗauke shi. Reshen da ya kai wannan buƙata teburin tattaunawa ya shirya amsa, domin manajan ma'aikata zai nemi ya ga nasa tsarin, da yawan ƙorafin da ya saurara bara, da abin da ya yi a kansu.